Layar Akawal

Ranar Juma'a ta farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji uku a firamare, Baba ya shigo lungunmu na unguwar Abbasiya a Alƙahira cikin mota. Mun ji ta kafin mu gan ta. Muna buga ƙwallon da muka cura da tsofaffin safuna, sai wani gurnani ya taso daga bakin titi, har gilasan tagogi suna rawa. Mai sayar da ful, dafaffen wake, ya janye kekensa ya manna da bango. Sai ga ta, baƙa wuluk, mai ƙofa biyu, hancinta ya fi gadon Inna tsawo, tana tafiya a hankali don lungun ya yi mata kaɗan. Mai tuƙin kuwa Babana ne, cikin farar jallabiyarsa ta Sallah, ya zauna ƙyam kamar wanda za a ɗauka hoto. Mata suka leƙo ta baranda, wata ta rangaɗa guɗa. Ya kashe injin, lungu ya yi tsit, ya leƙo ya ce da ni, "Afandi, kallo ka tsaya yi? Yalla, hau ka kira Innarku."

Afandi, laƙabin 'yan boko a Masar, yake kirana saboda ni ne ɗan fari, ba ya faɗin sunana, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya sa rigar makaranta. Shi Baba, Usman sunansa, an haife shi a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka suka zauna ke nan. Ya zo Alƙahira yana saurayi, ya sami aikin wankin mota a garejin da ke ƙarƙashin wani dogon bene a Wustul Balad, tsakiyar birni. Shekara goma sha ɗaya yana wanke wannan baƙar mota. Ta Ustaz Munir ce, wani tsohon injiniya da ya zo da ita daga Amurka tun yana da ƙarfinsa. Silinda takwas gare ta, tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Baba ya sa mata suna Akawal, sunan baƙin dokin da ke cikin labaran kakansa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Ustaz Munir ya ɗauke masa magana, sai ya koma rubuta abin da yake so a takarda. Zai koma Iskandariya wajen 'yarsa, ya sayar wa Baba motar da rangwame. Baba ya haɗa abin da ya daɗe yana tarawa da awarwaron Inna, ya biya. Shirinsa shi ne ɗaukar amare, don Masarawa suna son a kai amarya cikin mota mai kwarjini. Yakan ce, "Na gaji da goge ƙurar wasu, bari in goge tawa."

A kan rufin bene muke zaune, ɗaki biyu na bulo a hawa na shida, tsakanin tankin ruwa da akurkin tattabarun mai gida. Inna tana kiwon kaji a wani lungu, tana shanya kuɓewa a kan tabarma, tana yin tuwo da miyar kuka idan wani ya zo daga gida da tsaraba. Aikina da safe in sauka in bi layin gidan burodi, in ɗauko shi da zafinsa a kan faifan kara, in haura duk matakalan nan kafin ya huce. Daga nan sai makaranta. Abin da babu wanda ya sani shi ne, ban iya karatu ba. Ajinmu cike yake maƙil, ni ina can baya kusa da taga, rubutun allo kuma a idona kamar jerin tururuwa. Amma Allah ya ba ni kunne. Idan malam ya karanta sau biyu na haddace, sai in buɗe littafi in riƙa jan yatsa a kan layi ina rerawa. A gida Baba yakan zaunar da ni gaban baƙi in yi haka, su ce masha Allah. Ranar da na ji za a yi shifta kuwa, sai in maƙale a bayan taragon lantarki in sha yawo har a tashi.

Da la'asar ɗin ranar da motar ta zo, Baba ya shimfiɗa tabarma, ya ciro takarda daga aljihun ƙirjinsa. Taukil ce, takardar wakilci da mai mota kan ba mai saye kafin a mayar da ita sunansa. Gabanta rubutun inji ne da hatimi. Bayanta kuma akwai layi uku da biro, rubutu mai karkarwa, wanda Ustaz Munir ya yi da hannunsa, ya nuna wa Baba da yatsa har sau biyu. Inna ta ce a kai wa telan da ke ƙasan benenmu ya duba. Baba ya ce, "Ina da mai karatu a gida, me zai kai ni wajen wani? Bismilla, Afandi."

Na karɓa. Ƙannena sun zagaye ni, Inna ta bar tankaɗe tana kallona. Na gane harafi ɗaya ko biyu, suka ƙi haɗuwa. Sai na ɗora yatsa a kan layin, na ja shi a hankali kamar yadda na saba, na ce, "Ya ce mota ta zama taka, Allah ya sa albarka." Baba ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya shafa kaina ya ce, "Tamam. Mutumin kirki."

Washegari ya kai takardar wajen wani baduku ɗan garinsu, aka naɗe ta, aka ɗinke ta cikin jar fata kamar laya don kada ruwa ko gumi su taɓa ta. Ya rataye ta a madubin mota. A wajenmu abu mai daraja a fata ake ɗinke shi.

Shekara guda da wata biyar Akawal ta yi a hannunmu, kuma ban san lokacin da gidanmu ya yi daɗi irin wannan ba. Duk Alhamis mukan sauka da bokiti, ni da ƙanwata Rabi, mu wanke tayoyi, Baba ya goge jikin da kansa don ba ya yarda kowa ya taɓa fentin. Mu ɗaura mata furanni da farin ƙyalle. Yaran lungu da suke tsokanata da baƙar fata suka koma roƙona in bar su su leƙa ciki. Akwai ranar da ya kwashe mu duka ya hau hanyar sahara, ya taka ta sau ɗaya tak, bayana ya manne da kujera, Inna tana salati tana cewa, "Malam, ka tuna da 'ya'ya!" shi kuwa yana ta dariya. Ban taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi haka ba. Layar tana ta lilo a madubi, ni kuma duk sanda idona ya faɗa kanta sai in juya in kalli taga.

Wata safiya muna wanki, wasu mutum biyu cikin kwat suka tsaya a kanmu. Ɗaya ɗan Ustaz Munir ne da ya dawo daga ƙasar waje, ɗayan lauyansa. Suka ce tsohon ya rasu, motar kuma har yanzu da sunansa take, ta shiga gado. Baba ya yi wa mamacin addu'a tukuna, sannan ya ciro layar, ya sa reza ya farke ɗinkin, ya miƙa da hannu biyu. Lauyan ya dubi gabanta kawai, ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, Am Usman. Irin wannan takarda tana mutuwa ranar da mai ita ya mutu. Me ya hana ka zuwa rajista?" Baba bai san akwai wata rajista ba. Maƙwabta suka ce ya kai ƙara, amma baƙo ne mai takardar zama da ake sabuntawa, kuma duk ƙofar da ke da hatimi tsoronta yake ji. Ya ƙarasa goge gilashin da ya fara, ya miƙa makulli. Muka tsaya da bokiti a hannu muna jin gurnaninta har ya ɓace.

Baba ya koma garejin da ya baro. Bai taɓa ce mini komai ba. Takardar ma ni ya ba, ya ce, "Ajiye, Afandi." A shekarar na daina zuwa makaranta gaba ɗaya, na shiga koyon gyaran taya, shi ne sana'ata har yau. Baba ya rasu ina da shekara ashirin da biyu. Takardar ta bi ni gida uku cikin gwangwanin shayi, kuma ban taɓa ba wani ya karanta mini bayanta ba, don ina tsoron abin da zan ji daga bakin wani.

Bara, da furfura a gemuna, na fara zama gaban Malam Bashir, wani ɗalibi ɗan Katsina da ke koyar da manya bayan la'asar. Ya koya mini haruffan Larabci, ya koya mini na boko da nake wannan rubutu da su. Da na ji hannuna ya faɗa, na ɗauki gwangwanin na tafi unguwar Hadayek el-Maadi, inda Inna take zaune wajen Rabi. Na zauna gabanta, na ɗora yatsa a kan layin, wannan karon da gaske. Ga abin da tsohon ya rubuta: "Usman, takardar nan tana da rai ne muddin ina da rai. Ka je rajista cikin makon nan ka mayar da motar sunanka. Kada ka jira ni."

Inna ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Ai Babanku ya sani. Kwana uku da tafiyar motar ya kai wa wani ɗalibi a masallaci ya karanta masa. Da ya dawo ya ce mini, khalas, ya wuce, kada wanda ya gaya wa yaron nan, kunya ce ta sa shi, kuma ni na ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa."

Yanzu lungunmu ya cika da ƙananan motoci masu kama da juna, babu wadda ake ji kafin a gani. An cire layin taragon, an yi sabon gini a kan rufin da muka zauna. Ina karanta allon titi, ina karanta takardar asibitin Inna, jikokin maƙwabta ma suna kawo mini littafi. Wani lokaci idan wata tsohuwar mota ta yi gurnani a kan gada, sai in ajiye tayar da ke hannuna in saurara. Layi uku ne kacal, Baba, kuma na iya su yanzu.