Tarwaɗar da Ta Nemi Komawa Kogi

Ina 'yar shekara tara Abba ya kawo mahaifiyarsa Guangzhou neman magani. Iya muke ce mata. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara, shi kuwa Abba bakinsa ba ya iya furta sunan, sai dai ya ce Ummi. A unguwar Panyu muke zaune, a wani dogon bene mai ɗakuna matsattsu, Abba yana sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu yana aikawa Kano. Tun ina goye aka zo da ni, makarantar 'yan ƙasa nake zuwa, Sinancina ya fi Hausata ƙwari. Iya kuwa 'yar masunta ce daga Wudil. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana inda ba a jin motsin kogi ba, in ban da zuwanta Makka.

Ta iso cikin wani sanyi da tsofaffin garin ma suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Abba ya sayo hita mai jajayen sanduna ya ajiye a falo. Iya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Wuta ba hayaƙi, ba toka, ba a tura mata ice. To, mu karɓe ta a haka."

A gaban hitar nan muka yi hirarrakinmu. Da an idar da magariba sai ta miƙe ƙafa a kan darduma, ta ja bargo, ni da ƙanena Sadiku mu raɓe a jikinta. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Za ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, a ba ta tabarma." In na rasa gane wata kalma ba ta fassara mini, sai ta kwatanta da hannu da fuska har in kama. Da haka Hausata ta miƙe. Daga baya na lura ba duk tatsuniyoyin ta gada ba. Da yawa a ranar take ƙera su daga abin da ta gani: matakalar tashar jirgin ƙasa mai tafiya da kanta, ko tsohuwar da ke yawo da kare cikin riga.

Ciwon daji ne a cikinta. Ana kai ta asibiti a ɗaura mata ruwan magani, ta dawo ba ta iya ko shan kunu, ta yi kwanaki tana fuskantar bango. In ta ɗan farfaɗo sai lokacin komawa ya yi. Ana cikin haka wasannin Olamfik suka matso, sabunta biza ya yi wuya, maƙwabtanmu 'yan Kano da 'yan Nijar suka fara tattara kaya. Abba ya bar kasuwa ya koma zarya tsakanin asibiti da ofisoshi don a bar Iya ta zauna. Na ji yana gaya wa Umma, mahaifiyarmu, cewa likita ya ce akwai ɗan fata in aka ci gaba har ƙarshen shekara.

Ba wanda ya tambayi Iya abin da take so, ita ma ba ta da hanyar faɗa. Abba ɗan farinta ne, akwai alkunya tsakaninsu irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune a ɗakin sai ta ce, "Takwara, gaya wa ubanki shayinsa ya huce."

Wata rana da sanyi ya wuce ta ce in gaya wa ubana tana son ganin kogi. Ya kai ta bakin babban kogin da ya ratsa birni. Ta duba gine-ginen da bangon siminti na gefe da gefe, ta ce wannan an ɗaure shi, ita mai tafiya da ƙafarsa take nufi. Wani lawban, wato mai masana'antar da Abba ke sari a wurinsa, ya kwatanta masa wani kwari a arewa da birni, inda kogi ya tsaga tsakanin duwatsu. Abba ya yi hayar mota muka tafi dukanmu.

Kafin mu ga ruwan muka fara jin sa. Duwatsu ne dogaye dama da hagu, duk sun rufe da gora da ganye, kogin yana gudu a ƙasa, kore shar. A bakin kwarin akwai gidan ƙyanƙyasar kifi, jerin tafkuna na siminti da ake janyo musu ruwa daga kogin. Nan Iya ta ce a tsaya. Wata mata mai takalmin roba ta nuna mana 'ya'yan kifi, ƙanana kamar tsinken tsintsiya, sun yi baƙi a cikin ruwa. Iya ta tsuguna da ƙyar ta sa hannu, suka watse suka sake taruwa. Rabon da in ga ta yi dariya irin ta ranar tun zuwanta.

A tafkin ƙarshe manyan kifaye ne, iyayen da ake ɗibar ƙwai daga jikinsu. Suna kewayawa a hankali, bakinsu ya goge saboda gugar bango. Ni ce tafinta.

"Tambaye ta, ƙananan ina ake kai su?"

Matar ta ce wasu a sayar wa masu kiwo, wasu a sake su a kogi.

"Manyan fa, in sun tsufa? Ana mayar da su?"

Matar ta girgiza kai. "Meyo," ta ce, babu. Ta ƙara da cewa a nan sun fi samun kulawa, ga abinci ga magani, a kogi ba za su daɗe ba. Na fassara duka. Iya ta gyaɗa kai, ta ce in yi mata godiya.

Hanyar zuwa inda ruwa ke faɗowa matakala ce ta dutse, tana bin gefen kwarin tana hawa. Iya ta taka kaɗan numfashinta ya ƙare. Akwai maza masu ɗaukar mutane a kujerar gora, Abba ya kira su, ta ce ita ba za ta hau kafaɗar 'ya'yan wasu ba. Muka tsaya cirko-cirko. Sai Abba ya cire hularsa ya miƙa wa Umma, ya juya baya ya durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, sannan ta ɗora hannuwanta a kafaɗunsa. Haka ya goya ta har sama, yana tsayawa yana hutawa, 'yan ƙasa masu saukowa suna raɓewa suna ba su hanya. Ina biye da su ina riƙe da takalmanta. Daga baya na ji ya ce wa Umma ba nauyinta ne ya sa shi tsayawa ba, rashin nauyin ne.

A sama ruwan yana zubowa daga kan dutse, fari fat, feshinsa yana jiƙa mu tun daga nesa. Ƙararsa ba ta barin a ji magana. Abba ya sauke Iya a kan wani faffaɗan dutse. Ta kamfaci ruwan ta ɗanɗana, ta yi alwala da shi a nutse, ta zauna tana kallo har inuwa ta rufe kwarin.

A wani ƙaramin masauki na manoma muka sauka. Bayan magariba mai gidan ya hura wuta a tsakar gida yana gasa dankali, wutar ice ta gaske, mai hayaƙi da tartsatsi. Iya ta ce a kai ta kusa. Ta miƙa tafukanta, ta lumshe ido tana shaƙar hayaƙin. Umma ta shiga ciki, Abba ya zauna can gefe a kan benci, ya ba mu rabin baya yana danna waya.

"Ga baƙuwa a ƙofa," in ji Iya.

"Ta shigo, a ba ta tabarma."

Ta ce an yi wani yaro ɗan masunta da ya faɗa kogi lokacin cikowa. Wata babbar tarwaɗa ta tallabo shi a bayanta ta kai shi gaɓa. Yaro ya girma ya zama masunci, bai manta ba. Wata shekara aka yi fari, kogi ya janye, ya tarar da tarwaɗar nan a cikin taɓo, ta tsufa, tana haki. Ya ɗauke ta ya kai gida, ya haƙa mata tafki a tsakar gidansa, yana canja mata ruwa kullum, abin da ya ci shi take ci. Har mutane suna zuwa kallo suna sa masa albarka.

Damina ta sauka, kogi ya dawo, ana jin rurinsa daga gari. Tarwaɗa ta ce, "Ɗan nan, mayar da ni." Ya ce, "A'a, akwai kada, akwai ƙugiya, ga shi ba ki da ƙarfin iyo." Ta ce, "Na sani." Ya ƙara mata abinci, ya faɗaɗa tafkin. Ta sake roƙo, ya sake faɗaɗawa. Daga nan ta daina magana. Kullum sai ta je ta kwanta a gefen da ya fi kusa da kogi, ta jingina kanta da bango.

"Ba mugu ba ne," Iya ta ce, ta ɗan ɗaga murya. "Kada ku ce mugu ne. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa na gaskiya ne."

Ta ce wata asuba masunci ya zo ya same ta a wurin, ya tsuguna ya kasa kunne, shi ma ya ji abin da take saurare. Ya jiƙa kwando, ya sa ta ciki, ya goya ta har bakin ruwa, yana tafe yana kuka. Ya sake ta. Ta kewaya shi sau ɗaya ta nutse.

Sadiku ya tambaya, "Ta rayu?"

"Ta yi 'yan kwanaki."

"To ai gara tafkin," na ce. "Da ta fi daɗewa."

"Wataƙila da ta fi daɗewa, Takwara. Amma kwanakin nan a ruwanta ta yi su, cikin waɗanda suka san ta." Ta ja mayafinta. "Baƙuwa ta ɗauki takalminta."

Na waiwaya na ga hasken wayar Abba ya mutu a hannunsa, ban san tun yaushe ba. Ya tashi ya fita ta ƙofar da ke kallon kogi, bai dawo ba har aka kwantar da mu.

Da safe muna shan shayi ya zo ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Iya, in mun koma zan nemi tikiti. Ni zan kai ki." Na jira ta ce in gaya wa ubana wani abu. Sai ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin ta yi masa magana ba tare da ta bi ta kaina ba sai ranar.

Sun tafi kafin a fara wasannin. Abba ya san in ya fita ba lallai ya samu dawowa da wuri ba, haka kuwa aka yi, sai da ya shafe watanni, abokan cinikinsa da yawa suka koma wurin wasu. Iya ta rasu a Wudil cikin damina. Ranar da aka bugo wa Umma waya, ana ta ihun murna a gidajen maƙwabtanmu 'yan ƙasa saboda wani nasu ya ci lambar zinare.

Na daɗe ina jin haushin Abba. A lissafina na yarinya, akwai asibiti, akwai magani, ya ɗauke ta daga wurinsu saboda tatsuniya. Ban faɗa masa ba, amma ya sani. Sai da na yi aure na haihu, muna zaune a Kano wata rana da yamma, na tambaye shi yadda kwanakinta na ƙarshe suka kasance. Ya ce ta ci tuwon dawa da hannunta. Ta sa an kira ƙanwarta da suka yi shekaru ba sa ga-maciji, suka kwana ɗaki ɗaya. Ta raba zannuwanta da kanta, kowa ta kira sunansa. Matan da suka yi wa gawarta wanka, tare da ita suka yi wasan ƙasa.

Na ce, "Abba, ka taɓa yin da-na-sani?"

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Likitan ya ce da ta zauna wataƙila ta ƙara shekara. Ba ranar da ba na tuna shekarar nan, Ummi. Amma ita ta san da ita, kuma ta zaɓa. Ni dai na ji ta ne."

A da ina ɗauka darasin daren nan shi ne kowa ya fi son gida. Yanzu da na ga tsufa ya fara kama nawa iyayen, na gane abin ya fi haka nauyi. Mutum yana iya yi wa wanda yake ƙauna komai, ya kashe dukiya da lafiya a kansa, bai taɓa tsayawa ya tambaye shi me yake so ba, don yana tsoron amsar. Abba ya ji amsar da ba ya so, ya yi aiki da ita, ya kuma ɗauki abin da ya biyo baya shi kaɗai, har da fushin 'yarsa. Ina roƙon Allah, in tawa ranar ta zo, ya ba ni kunnen da zan ji, da ƙarfin da zan tashi in nemo tikitin.