Tuƙin da Na Koya a Kan Tabarma

Tsakiyar damina ce, masara ta fara gemu, hanyar ƙauyenmu ta koma taɓo. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba. Citta ta fito kore shar, muna ta godiya, sai ganyen ya soma rawaya daga gefe. In ka tona, ruɓa ce da wari. A coci duk wanda ya tashi ba da shaida, da roƙon addu'a yake ƙarewa. Ni kuwa na zama mai tsoron ƙarar waya. In ta yi ƙara, sai na goge hannu a zani sau biyu kafin in ɗauka.

A shekarar ce motar da ta ɗauko autata daga wurin yayanta a Abuja ta yi hatsari bayan Kagarko. Taya ta fashe, motar ta wuntsila. Matar da ke zaune kusa da ita, wadda suka ci gyaɗa tare a hanya, ba ta tashi ba. 'Yata ta fita da karaya a hannun dama. A asibiti a Kafanchan aka gyara ƙashin, aka sa mata farin simintin nan daga gwiwar hannu har gindin yatsu. Likita ya rubuta a kati ranar da za mu koma a cire, a ɗauki hoto. Sati shida ya ce.

Na iya karanta ranar. A ajin yaƙi da jahilci na zumuntar matan cocinmu, wadda nake shugabanta yanzu, na koyi karatu, ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, kuma ban taɓa mance abin da na koya ba. Na ninke katin na sa a cikin Littafi Mai Tsarki. Ranar ta zo, ta wuce.

Daga ƙauyenmu na wajen Zangon Kataf ba a zuwa Kafanchan sai da mota. Yarinyar kuwa ko mashin ne ya wuce bayan gida sai ta kama bango. Na ce wa babansu ruwa ya ɓata hanya, mu jira. Sati na gaba na ce tana fama da mura. Ya yarda, don ban saba yi masa ƙarya ba. Gaskiyar ita ce ni ma ba zan iya tsayawa ina kallo a rufe mata ƙofar mota ba. Kuma karatun aikin jinya take yi. Hannun nan shi ne zai riƙe allura.

Da yayanta ya zo duba ta, ya bar mata laftof ɗinsa da wani abin riƙewa mai maɓallai da suke kira fad. Akwai gem, wato wasan kwamfuta, na tseren mota a ciki, wanda suke yi tare in ta je hutu. A gidan fasto muke kai wa caji, don suna da sola. Wata rana da hantsi na shigo daga tsinke ciyawa, na ji ƙugin inji a cikin ɗaki. Na leƙa, sai na gan ta zaune a kan tabarma, laftof a kan kujera 'yar tsuguno. Wata jar mota ce tsaye a bakin titi, inji na aiki, ba ta motsi. Ita ma ba ta motsi.

Na yi niyyar rufe abin in kai ɗakin babansu. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mama, hannu ɗaya ba ya yi. Ki riƙe min."

"Ni? Ko keke ban taɓa hawa ba."

"Shi ya sa. Ba za ki yi gudu ba."

Na wanke hannu, na zauna. Kafin in taɓa komai na sunkuyar da kai, don a gidanmu ba a kama hanya sai an yi addu'a. Na ce Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, cikin sunan Yesu. Ta ce amin a hankali. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban ga abin dariya ba.

Ta fara da nuna mini taswira. Ƙasa ce guda, da duwatsu da tafki da garuruwa, kuma duk inda ka ga dama kana iya zuwa, ba mai tsayar da kai. Alamomi ne birjik a kai.

"Kada ki kalle su duka, za su ruɗa ki," ta ce. "Kowace alama tsere ce. In kin gama ɗaya ana ba ki maki. In maki ya cika sandar can ta sama, sai a buɗe miki sababbin wurare, wani lokaci har da kyautar mota."

"In na zo na ƙarshe fa?"

"Ana ba ki kaɗan. Ki dai ƙarasa."

Ta cire ni daga jar motar, ta ce ta yayanta ce, mahaukaciya ce. Kowace mota da harafinta, kamar aji. D ce ƙarama, daga nan C, B, A, ana hawa. Ta zaɓa mini wata 'yar shuɗiya mai harafin D, mai kama da wadda malamin asibitinmu yake ja. Da hannun hagu ta shiga wurin gyare-gyare, ta mai da abokan tseren 'yan koyo, ta sa giya ta riƙa canza kanta. Sannan ta kunna wani layi da ke shimfiɗe a kan titi a gaban motar.

"Wannan shi ne malaminki. In kore ne, ki taka. In ya yi rawaya, ki ɗaga yatsa. In ya yi ja, birki, ko da kin ga kamar da sauran wuri."

Ranar ban shiga tsere ba. Yawo kawai na yi, ina bin hannuna na dama, ina tsayawa a kowace mararraba in duba hagu da dama. Duk motar da ta taho ta gabana sai in saci kallon 'yata. Ta ƙanƙame filo da hannun hagu, amma idonta na kan hanya.

Kwana uku kafin in gama tseren farko. Na zo ta takwas cikin takwas. Aka ba ni maki da ɗan kuɗin gem, ta kai ni garejin ciki. Ta ce yayanta duk abin da ya samu a inji yake zubawa, shi ya sa motarsa ba ta jin magana a kwana. Mai koyo gara ya fara da abin da zai riƙe shi a ƙasa.

"Akwai inji, akwai birki, akwai…"

"Taya," na ce, tun ba ta ƙarasa ba.

Ta danna taya.

Wata alama da ta buɗu bayan nan ta tseren daji ce. Muna cikin tafiya sai layin koren ya bar titi, ya nufi wani shinge, ya shige tsakiyar gona. Shuka ce ta kai gwiwa, kunya-kunya a jere, an yi mata noma tsaf. Sauran motocin suka fasa shingen suka auka. Na taka birki.

"Mama, ki bi su! Nan ne hanyar!"

"Gonar mutum?"

"Ba ta kowa ba ce. Har maki ake bayarwa in kin fasa shinge."

"A ba ni lada don na yi ɓarna? Wa ya yi kunyoyin nan?"

"Kwamfuta, Mama."

"To, ta sha wahala. Ba da ni ba."

Na juya na bi gefen shingen ina neman ƙofa. Gem ɗin ya ɗauke ni ya mai da ni bakin gonar. Na sake zagayawa, ya sake dawo da ni. A karo na uku na ji wani sauti a gefena, na juya a firgice, na ɗauka kuka take. Dariya ce. Rabon da in ji ta tun kafin Kagarko.

"Wayyo, shugabar zumunta! In yaya ya ji an ƙi cin tsere saboda gonar kwamfuta!"

"Ki gaya masa. Shekarar da citta ta ruɓe ba zan taka shukar kowa ba, ko ta hoto ce."

Ta haƙura. Ta tace taswirar, ta ɓoye duk tseren daji, ta bar mini na kwalta kaɗai. Ta ce zan daɗe ban ci gaba ba, kuma na kwalta sun fi gudu. Na ce na ji. A raina kuwa wani lissafi nake yi marar kyau. Tunda tana dariya, tana cin abinci, ai sai a ƙara sati kafin a tada maganar asibiti. Katin na nan a cikin Littafi. Kullum da safe in na buɗe sai in tsallake wurin.

A hankali sandar maki ta cika. Wata ranar Alhamis da la'asar, ruwa na dukan kwano, aka ba ni kyautar mota mai harafin B, baƙa, mai faɗin ƙirji. Ta ce kada in hau tukuna, in ƙara kwana biyu a C. Amma alamar da ta rage mini a kwalta ba ta karɓar ƙaramar mota, sauran duk na gona ne. Na yi addu'ata, na hau.

Ban san haka gudu yake ba. Bishiyoyi suka zama zane. Titin ya hau dutse, ya gangaro, layin ya yi rawaya, kafin in ɗaga yatsa ya yi ja. Na danna, ashe mai na ƙara. Motar ta daki bakin gada ta tashi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, gilashi na watsewa, ƙarfe na kuka.

Ihun da 'yata ta yi ba na gem ba ne. Fad ɗin ya suɓuce mini ya faɗi a tsakaninmu, ta gefen hannunta mai siminti.

"Koma baya! Mama, danna na komawa baya!"

Ta taɓa nuna mini maɓallin tun ranar farko. In ka yi karo, kana iya janye motar zuwa inda take kafin kuskuren. Ban taɓa buƙatarsa ba, na mance wanne ne. Sai ta kai hannu da kanta, na dama, don shi ya fi kusa kuma shi ta saba da shi. Yatsunta huɗu da suka leƙo daga bakin simintin suka sauka a kan maɓallin. Ba su lanƙwasa ba. Ta cije leɓe ta sake gwadawa. Suka tsaya a miƙe, sirara, kamar busassun karare.

Da hagu ta danna daga baya. Motar ta tattara gilasanta, ta juyo daga sama, ta sauka a kan tayoyinta, ta ja baya har gaban kwanar, ta tsaya tana jira. Ba wanda ya kalle ta a cikinmu. Yatsun muke kallo.

"Sati nawa ke nan, Mama?"

"Tara."

"An koya mana a makaranta abin da ke faruwa in ya wuce lokaci. Gaɓoɓin ne suke ƙagewa. In ya daɗe sosai, ba duka ke dawowa ba."

"Kin sani? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba?"

Na ɗauki yatsun a tafina. Da sanyi, kuma fatar na saɓa. Na ɗan taɓa na tsakiya in lanƙwasa, ta ja numfashi ta haƙora, na saki. Tsoron mota da na ɗauka ya cika cikina, ashe akwai wurin wani a ƙarƙashinsa.

Can ta share ido da gefen riga, ta tura mini fad ɗin da ƙafa.

"Ki ƙarasa. Ba a barin tsere a tsakiya. Birki na hagu ne, Mama. Tun yana rawaya."

Na taka tun yana rawaya. Motar ta sha kwanar kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka zo na ƙarshe.

Da babansu ya dawo daga gona, ban bari ya cire takalmin roba ba. Na miƙa masa katin, na gaya masa ba ruwa ba ne, ba mura ba ce, ni ce. Ya daɗe yana kallon ranar da aka rubuta. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari ana idar da addu'ar safe na yafa gyale, na tafi gidan wani dattijon cocinmu da ke jigila zuwa Kafanchan, wanda samari ke tsokana wai mai keke na wuce shi har ya gaishe shi. Na same shi yana zuba ruwa a lagireto. Bayan gaisuwa na zagaya motar, na tsuguna a gaban kowace taya, na shafa da hannu.

"Maman yara, yaushe kika zama makanike?"

"Baba, ta bayan nan ta hagu ta suɗe. Ba zane a jikinta."

"Za ta kai mu, da yardar Ubangiji."

"Na sani. Amma ka sa safayar taya, ina roƙonka. Zan jira."

Ya dube ni, ya dubi hanyar gidanmu, ya je ya ɗauko jak. Na tsaya har ya ɗaure noti na ƙarshe. Na ce ya ajiye mana wuri biyu a baya, ni ce a bakin ƙofa. Sannan na koma gida, na sa katin a jaka, na ɗaura wa 'yata ɗankwali tunda ba ta iyawa da hannu ɗaya, na kama hannunta na hagu muka fito.