Mutumin da Ke Cikin Silin

"To tunda ka ce ka san ni, faɗa mini yaushe na fara rina gashina."

Orval Teague ya sosa ƙeya. "Ranar dai ba zan iya kawo ta ba, Madam Wanda. Amma shekarar da aka canza kafet ɗin zauren nan daga ja zuwa mai furanni ce. Kin fara da ruwan zuma, bai karɓe ki ba, kika koma baƙi."

Wanda Sobel ta ajiye fitilar gefen gado da ta saya, ta kama ƙugu. "Ji tsohon banza! Mijina ma bai lura ba sai da na gaya masa."

"Shi ta gaba yake ganin ki. Ni ta sama."

Da hantsi ne, suna tsaye a tsakiyar zauren caca na otal ɗin Silver Yucca, a Las Vegas. An rufe otal ɗin tun watan jiya. Kafin a sa masa nakiya, kamar yadda ake yi wa duk otal ɗin da ya tsufa a garin, an buɗe ƙofa ana gwanjon kayan ciki. Katifu, cokula, labule, har mariƙin ƙofa, komai an manna masa farashi. Wani ya wuce su da talabijin a kafaɗa, wata tana jan kujera a bayansa tana cewa ya yi a hankali. Orval kuwa ba sayayya ta kawo shi ba. Ƙaramar kyamararsa ce rataye a wuya, kuma yana saman matakala ya hango tsakar kan Wanda a cikin jama'a, ya gane ta nan take.

Ɗan Ely ne shi, garin masu haƙar tagulla da ke can arewa. Ya zo Las Vegas yana saurayi don ya koyi rabon karta, sai hannunsa ya ƙi. Da ya ɗauki karta sai ta zube masa. Amma malamin da ke koya musu ya lura da wani abu: duk wanda ya yi kuskure a ajin, Orval ne ke fara gani. Ga shi siriri, ba nauyi. Sai aka tura shi cikin silin.

A wancan zamani silin gidajen caca madubi ne, irin wanda na sama ke ganin na ƙasa, na ƙasa kuwa kansa kawai yake gani. A bayan madubin akwai 'yar siririyar hanya ta katako. Nan Orval ke kwanciya rub da ciki, da madubin hangen nesa a ido, yana kallon hannuwa: na masu wasa, da na ma'aikatan da ke raba musu karta. Dokar aikin ita ce kada mutumin sama ya yi hulɗa da mutanen ƙasa. Ba gaisuwa, ba cin abinci tare, ba rage hanya a mota. Ƙofar shigarsa daban. Burodinsa ma a can sama yake ci. Da kyamarori suka zo aka sauko da shi wani ɗaki mai sanyi cike da talabijin, amma kallon dai bai canza ba, daga sama ne. Haka ya san ɗaruruwan mutane, ya san mai sanƙo da mai amosani da mai cizon farce, ba wanda ya san shi.

Bayan ya yi ritaya 'yarsa ta saya masa kyamara don ya daina zaman gida. Ya fara bin filayen da otal-otal suka taɓa tsayawa, yana ɗauka yana ba da labari, yana sawa a intanet. Yakan faɗi yadda garin ya faro daga tashar jirgin ƙasa mai ruwa a tsakiyar hamada. Yakan faɗi yadda aka gano cewa matafiyin da rana ta gasa a hanyar California zai taka birki in ya hango wurin wanka, daga nan aka ƙara masa ɗakin kwana, da mawaƙa, da abinci mai araha, duk don ya ratsa ta tsakanin tebura. Yakan tsaya ya yi mamakin wanda ya fara tunanin gina zaure ba taga ba agogo. Masu kallonsa ba su da yawa, galibinsu tsofaffin ma'aikata ne, kuma ƙorafinsu ɗaya. "Dattijo, ɗaga kyamara mana!" Ya taɓa yin doguwar hira da wani tsohon mai tsaron ƙofa, aka gama kallo ba wanda ya ga komai sai hular mutumin da takalmansa. Orval ba da gangan yake yi ba. Hannunsa ne ke sunkuyar da kyamarar, ko ya hau kan dakali bai sani ba.

Abin da bai samu ya ɗauka ba shi ne ainihin rabon karta. An hana baƙi ɗaukar hoto a bakin tebur, faya-fayan bidiyon ɗakinsu kuwa gogewa ake yi a sake ɗauka a kansu. Duk aikin da ya yi rayuwarsa yana kallo, ba abin da ya rage da zai nuna wa wani. Ya nemi tsofaffin masu rabon karta ɗaya bayan ɗaya. Da sun ji inda ya yi aiki sai su kashe waya. Wanda tana cikin matan farko da gidan ya yarda su tsaya a tebur, ga ta yau a gabansa, ga teburinta a bayanta. An riga an sayar da teburin ga wani mutumin Arizona, ya tafi ɗauko mota. Da ya dawo shi ke nan.

"Zagaye ɗaya kawai, Madam," in ji Orval. "Ki raba, in ɗauka."

"Ka san sunan da muke kiran ku?"

"Na ji ana cewa Ido."

"Wannan a gaban manaja ne. Mu jemagu muke ce muku." Ta nuna silin da haɓa. "Kai ka san yadda ake yini ba ka isa ka sosa cinyarka ba? Riga ba aljihu. In za ka bar tebur sai ka tafa, ka juya wa silin tafin hannunka, a ga ba ka ɗauki komai ba. Har yau in na tashi daga cin abinci a gidana sai na yi. Jikokina sun ɗauka addu'a nake."

"Kina tafawa sau biyu. Sauran sau ɗaya."

"Ka ji ba! Kuma yanzu ka zo kana so in sake tsaya maka? Kallon da ka yi bai ishe ka ba?"

Orval ya dubi ƙofar da mutumin Arizona zai shigo ta cikinta, ya dubi teburin. Wanda ta ɗauki fitilarta kamar za ta tafi, sai ta tsaya, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon madubin.

"Ta ina ake hawa?" ta ce.

Mai kula da gwanjon, wani ƙaƙƙarfan mutum da ake kira Ocampo, ya ba su makulli ba tare da ya ɗago daga abin da yake yi ba. "In silin ya rufto da ku ban gan ku ba," in ji shi. "Kuma ku bi a hankali, madubin ma akwai mai shi."

Ƙofar tana bayan wurin ajiye tsintsiya, ba rubutu a jikinta. Matakalar ƙarfe ce mai tsini. Wanda tana hawa tana mita, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, Orval na gaba yana haska mata da waya. A sama zafi ya tare su, da warin hayaƙin tabar da ya taru shekara da shekaru. Ba halin miƙewa tsaye. Ya nuna mata katakon da ke saitin teburinta, inda gwiwar hannunsa ta goge shi har ya yi santsi.

"Ba ni kyamarar," in ji Wanda. "Wane maɓalli ake dannawa? To. Sauka ka tsaya a wurina."

"Ni? Ai ni ban iya..."

"Sauka, jemage. Akwai karta a kan tebur."

Ya sauka. Ya zagaya bayan teburin, ya tsaya inda kafet ya lotsa saboda tsayuwa. Bai taɓa tsayawa a nan ba. Ya ɗaga kai, bai ga kowa ba sai wani tsoho mai sanƙo a madubi yana kallon sa. Ya san tana nan, ya san daidai inda take, amma ba alamarta. Nan da nan ƙeyarsa ta ɗauki ƙaiƙayi. Ya ɗaga hannu zai sosa, ya ji kamar zai yi laifi, ya mayar. Ya ɗauki kartar ya raba ta biyu zai gauraya, sai ta tarwatse, rabi a tebur rabi a ƙasa. Ya sunkuya zai tsince, ya tuna mai rabo ba ya sunkuyawa ƙasan tebur, ya tsaya cak da hannu a buɗe. Wata mata da ke wucewa da bargo ta tambaye shi ko lafiya.

Daga sama aka ƙwanƙwasa madubin. Sannan ya ji dariya, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

Da Wanda ta sauko, gashinta ya yi fari da ƙura, gumi ya jiƙe mata wuya. Ta zauna a kan kujerar masu wasa tana fifita da hannu.

"Na rantse ban taɓa ganin hannu mara amfani irin naka ba." Ta numfasa. "A wancan ramin ka yi ƙuruciyarka?"

"A can."

"Ba mai kawo maka ko ruwa?"

"Da gorata nake hawa."

Ta juya kyamarar a cinyarta. "Abin mamaki, daga can mutum ba shi da fuska. Ina kallon ka ina cewa, wannan tsohon akwai abin da yake ɓoyewa. Alhali na san ba ka ɗauki komai ba." Ta dube shi. "To ni me ka gani a wurina duk shekarun nan? Ban da gashi."

Orval ya yi tunani, don shi ba ya amsa tambaya da sauri. "In mutum ya daɗe ana cin sa, har ya fara juya zoben aurensa a yatsa, sai ki rage sauri. Ki gyara kartar da ba ta karkace ba. Ki tsaya neman mai kawo ruwa. Wasu a nan suke tashi su tafi."

Wanda ta daina fifita. "Ka kai wa manaja?"

"Ɓarawo aka ce in kama. Ba a ce in kama mai jinkiri ba."

A lokacin ne mutumin Arizona ya shigo da 'yan dako biyu, yana kaɗa makullin mota. Orval ya karɓi kyamararsa zai rataya. Amma Wanda ta riga ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta zagaya bayan teburin.

"Yallaɓai, teburin naka ne?" ta ce. "To zauna a gwada maka shi, kada ka kai gida ya ƙi aiki. Ku ma samari ku zauna. Ba kuɗi, kada ku tsorata." Ta juyo kan Orval. "Kai kuma ga sharaɗina. Ɗora abin nan a kan kwalin can, daidai fuskata, ka cire hannunka daga kansa. Ka zo ka zauna nan gabana. In na ga idonka ya sauka kan hannuna, na daina."

Ya yi yadda ta ce. Ta tattara kartar, ta gauraya ta da wata ƙara mai daɗi kamar tashin tsuntsaye, 'yan dakon suka kalli juna. Orval ya san abin da hannuwan nan ke yi ko ido rufe, don haka ya tilasta wa kansa kallon sama da su. Sai ya ga ashe tana da wushirya. Ashe in za ta jefa wa mutum karta girarta ta hagu ce ke fara ɗagawa. Ashe magana take ta yi duk tsawon wasan, tana tsokanar wannan tana lallashin wancan, abin da madubi bai taɓa bari ya ji ba. Tana rabo tana ba da labarin ranar da ta fara aiki, yadda wani attajirin mai shanu ya ce shi mace ba ta raba masa karta, ya tashi ya koma wani tebur, aka cinye shi a can har hularsa.

Zagaye ɗayan ya zama huɗu. Sai da mutumin Arizona ya ce rana na yi masa, sannan ta tattara kartar ta miƙa masa. 'Yan dakon suka ɗaga teburin suka fita da shi.

Orval ya duba abin da kyamarar ta ɗauka. Fuskarta ce cike da allon, kunnensa ɗaya ya leƙo ta gefe.

"Na fito da kyau?"

"Akwai yanar gizo a gashinki."

"Bar ta, su san inda na je." Ta rungumi fitilarta. "Duk Alhamis mukan haɗu mu karya kumallo, mu tsofaffin gidan nan, a wani shago a titin Charleston. Ka zo da abin naka. Za su zage ka, ka sani."

"Zan zo."

"Kuma kai za ka biya kofi."

Ta ƙofar gilashi ya hango babbar motar ɗaga kaya ta iso, ma'aikata sun fara ɗaura igiya a jikin allon sunan otal ɗin. Ya mayar wa Ocampo makullinsa, ya sa hula, ya fita cikin rana yana neman inda zai tsaya ya ɗauki saukar allon.