Hon ɗin Baba Tanko

Kai, ranar nan ba za ta fita a kaina ba! A 2006 ne, ina akawu a wani gidan burodi a unguwar Congo-Russia. Oga Emeka, mai gidan, ya rantse ran Asabar zai kori direbanmu, Baba Tanko, don sati biyu ke nan yana dawowa da rabin burodin da yake kaiwa unguwar Farin Gada.

Lokacin na haddace wani littafi da na tsinta a gwanjo, kan masu ba kamfanoni shawara. Dabararsu ita ce a zana matsala kamar bishiya, a bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Oga, ba ni kwana uku."

Ya ce, "Kai ne consultant yanzu? Oya, je ka."

Na yago kwali na zana reshe uku: burodi, farashi, direba. Reshen burodi na bi da kaina, na cinye manya uku, lafiyarsa lau, ni ne dai na kwanta. Farashi bai motsa ba. Saura direba. Na shiga mota muka zaga, yana tsayawa ko'ina, yana danna hon, ba mai fitowa. Baba Tanko ya ce, "Ɗana, bishiyar taka ni za ta faɗo wa?"

Ran Juma'a a Farin Gada na sauka na leƙa rumfar wani mai sayen burodinmu, Malam Idi mai shayi. Yana ciki ya dunƙule jikin murhu saboda sanyi. Na ce, "Malam, me ya sa kuka daina sayen burodinmu?"

Ya ce, "Ku dai kuka daina zuwa. Ina motar nan mai kukan agwagwa?"

Ashe sati biyu da suka wuce Oga ya sa an canja hon ɗinmu da ya shaƙe. Sabon kukansa irin na kowace tasi, wa zai bar wuta ya fito?

Da na koma na faɗa wa Oga a mayar da tsohon hon, ya dube ni ya ce, "Wato shawararka in ɓata mota na?" Na ce ƙwarai. Muka tono tsohon hon a bolar bakanike. Ran Asabar agwagwa ta yi kuka, Baba Tanko ya dawo ba burodi ko ɗaya, aikinsa ya tsira.

Har gobe ina zana bishiya, amma sai na fara zama a bencin mai shayi. Ku fa, wane gyara ne ya taɓa kashe muku kasuwa?