Daɓen Ɗakina a Mafara

Shekarar da maigidana ya rasu, ɗana ya ɗauko ni daga Morai ya ajiye ni a gidan da ya gina a Mafara, shi kuma ya koma kudu wurin fataucin shanunsa. Ɗaki huɗu, ni kaɗai. Kafin ya tafi ya bar sallahu a sa mini tayil, don simintin ɗakina ya farfashe.

Mai aikin wani magidanci ne daga Tsibiri. Bayan mun gaisa, ya jera tayil a ƙasa, wasu a miƙe, wasu a karkace.

"Inna, wane jeri za a yi miki?"

"Ni dai ka yi min daɓe mai kyau," na ce.

Ya yi dariya. "Rabona da jin kalmar ga tun kakata tana da rai. Mi ya sa ma aka ce mishi daɓe?"

Na ce ban yi karatu ba, amma a ganina daga kunne ta fito. In mata goma suka durƙusa da madaɓai, itacen da ake dukan ƙasa da shi, abin da za ka ji ke nan: daɓ, daɓ, daɓ. Aikin daɓe, abin da aka gama shi ma daɓe. Da siminti ya zo sai ya gaji sunan.

Na ba shi labarin ɗakina na Morai, yadda mu mata goma muka farfasa tsofaffin tukwane muka jera tsingaron zobe cikin zobe tun daga tsakiyar ɗaki, muka yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, muna duka muna waƙa har la'asar. A cikin matan nan goma, mu biyu muka rage.

Kwana uku ya yi yana aiki, ina zaune bakin ƙofa ina ta zuba. Tun zuwana garin ban yi magana mai tsawo haka da kowa ba. Ya gwada yi mini zobe, tayil ya ƙi lanƙwasuwa, muka haƙura da na karkace.

Ranar da ya gama na dafa mishi shinkafa da wake. Ya ci, ya ɗaure kayansa a babur, ya ce zai riƙa leƙowa ran kasuwa. Ya zo sau ɗaya, daga nan aiki ya kai shi Bakura.

Ɗakin ya yi kyau. Santsi gare shi, sai na dafa bango nake tafiya.