Rajistar Malam Sabi'u

Har gobe ban manta da safiyar da na tafi Burumburum da niyyar kama maƙaryaci ba. Lokacin an ɗauki sababbin malamai a Tudun Wada, aka rarraba mana su, mu tsofaffin hannu. Ƙa'idar ita ce ka riƙa ziyartar naka, ka zauna a ajinsa, ka gyara masa. Ƙarshen shekara ka sa hannu a tabbatar masa da aiki, in ka ƙi kuwa a sallame shi. Ni aka ba ni Malam Sabi'u, wanda aka tura wata 'yar makaranta a Burumburum, kusa da rugar Fulani.

Sau uku ina zuwa wajen sha ɗaya na safe, sau uku ina tarar da aji wayam, sai shi kaɗai yana goge allo. Rajista kuwa cike, wai kowa ya zo. Na ce, "Ina yaran?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun tashi, ranka ya daɗe." Sun tashi! Ni da na tsufa da alli a hannu za a raina wa hankali? Ban ƙara tambayarsa ba. Na rubuta rahoto mai zafi, na ninke na sa a aljihu, na ce sai na kama shi dumu-dumu kafin in miƙa.

Ranar na buga babur da sassafe, na ɓoye shi bayan wata gonar dawa, na lallaɓa kamar ɓarawon kaji. Tun daga nesa na jiyo karatu. Aji maƙil, har da na zaune a ƙasa. Ashe shawara ya yi da Arɗo, shugaban rugar: yara su zo bayan sallar asuba, su tashi da hantsi idan raɓa ta bushe, su kora shanu kiwo.

Kunya ta kama ni, sai na mayar da ita faɗa. Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Tsoro, Baba. Na canza lokaci ba da izinin ofis ba. Kuma duk zuwanka rajista kake fara buɗewa, ba ka taɓa tambayata yaya nake fama ba."

A hanya na yaga rahoton, izinin ma ni na nemo masa da ƙafata. Ku da ake danƙa muku sababbin malamai yanzu, ku fara tambaya kafin ku fara zargi. A wata huɗun farko da aka ba ni mutum in koya masa aiki, abin da kawai ya koya a wurina shi ne yadda zai ɓoye mini.