Yaya Tanko da Farin Layin Kibiya

Ku da kuka san yayana Tanko kun san bai taɓa ba baƙin dokinsa abinci bai ɗanɗana ba. Dusa, kanwa, har harawa sai ya tauna! Wai duk Rano babu wanda ba ya neman lahanta dokin nan.

Ni Hansatu, cikinmu ɗaya, na kawo masa dusa, ya tsare ni da ido.

"Wa kika gamu da shi a hanya?"

"Haba Yaya, daga turmi nake!"

"Turmin wa?"

Wani dillalin Kano ya taɓa cewa, "Kai, wannan doki da ƙirji!" bai haɗa da tubarkalla ba. Ran nan sau uku aka canza wa dokin turke.

To, zuwan Turawa ba da jimawa ba, wani Bature ya shirya sukuwa daga Rano har Kibiya, wanda ya riga kowa ya ɗauki sabon sirdi. Yaya kuwa nasa sirdin duk ɗinki ne, ya ƙwallafa rai. Mu mata muka yi sammako muka tsaya a bakin garin Kibiya. Sai ga ƙura, sai ga Yaya shi kaɗai, ya ba sauran rata mai nisa. Na rangaɗa guɗa, kuma kun san guɗata ba ta da na biyu a ƙasar nan.

Ashe Bature ya sa an zuba farar ƙasa, layi guda a gicciye, nan ne ƙarshen tsere. Yaya na hango layin ya ja linzami, ƙiii!

Jama'a na ihu, "Tsallake, Tanko! Tsallake!"

"In tsallake abin da ban ga mai zubawa ba? Ku tsallake da ƙafafunku!"

Ya karkata cikin gonar dawa zai kewaye. Kafin ya fito, wani mutumin Zurgu a kan jan doki ya wuce ta kan layin, ya ɗauke sirdi.

Shekara da shekaru Yaya yana jiran jan dokin nan ya gurgunce. Duk wanda ya zo daga Zurgu sai ya tambaye shi. A ce masa, "Lafiyarsa ƙalau."

Ya girgiza kai: "Tukuna dai."

Har a ciwon ajalinsa sai da ya tambaye ni. Na ce, "Yaya, an ce ya fara ɗingishi." Ya yi murmushi, ya ce, "Ban faɗa muku ba?"

Allah Ka yafe mini wannan ƙaryar, Ka jiƙan Yaya Tanko, Ka sa ya huta.